Manyan Yatsun Kinasih

Ko takalmin makaranta Kinasih ba ta cire ba, yayanta Wibi ya ɗago kai daga kan tabarma ya ce, "Sai yanzu? Tun ƙarfe biyu mutumin Surabaya ke damuna. Zauna, waya ta cika da caji."

Wayoyi uku ne jere a kan ɗan teburin falo, kowacce da igiyar cajinta, ga ƙaramar fanka an saita musu don kada su yi zafi. A gidan mahaifinsu Pak Darmaji wayoyi ake yi wa fifita, ba mai riƙe su ba.

"Mas," ta ce, yadda ake kiran yaya a garinsu, "ban yi la'asar ba. Ban ci komai ba tun safe."

"Ibu za ta kawo miki nan. Wasa ɗaya kawai, minti ashirin, sai ki yi sallar."

Ba a taɓa yin wasa ɗaya a gidan nan ba, ita ma ta sani. Ta zauna da kayan makarantarta a jiki, ta ɗauki wayar farko, babban yatsan hagu a kan tafiya, na dama a kan sara. Mahaifiyarta, Bu Sulastri, ta kawo shinkafa da soyayyen tempe, wato wainar waken suya, ta ajiye a gefe. Kafin a gama wasa na huɗu shinkafar ta sandare.

A unguwarsu da ke birnin Malang kowa ya san aikin joki. Wasan yaƙin nan ne na waya, mutum biyar su kara da mutum biyar, wanda ya ci ya samu tauraro, wanda aka ci ya rasa. To akwai masu kuɗin da ba su iya ba, ko ba su da lokaci. Sai su ba wani sunansu da lambar sirrinsu ya buga musu, ya tara musu taurari, gobe su je ofis suna hura hanci. Wibi ke karɓar aiki, mahaifinsu ke karɓar kuɗi, Kinasih ke bugawa. Wibi ya taɓa gwadawa da kansa, ya zubar wa wani mutum taurari tara a yini guda, tun daga ranar ya naɗa kansa manaja. Shi kuwa Pak Darmaji, wata takwas ke nan da ya jingine ƙaramar bas ɗin da yake ja a bakin lungu, har ciyawa ta fito a gindin tayoyinta. Wai fasinja ya yi ƙaranci, kuma bayansa na ciwo.

Abin da ke gaban Kinasih kuwa, saura mako biyar jarrabawar fita. Shekara uku tana makarantar koyon sana'a, a sashen tsara wasannin kwamfuta da na waya. Ranar jarrabawa kowane ɗalibi zai kawo wasan da ya ƙirƙira da hannunsa, ya buga shi a gaban malami da baƙon da ake gayyatowa daga kamfani, sannan a ba shi awa ɗaya ya ƙara wani abu a cikin wasan suna kallo. Wanda ya ci ya samu takardar shaida. Wanda bai ci ba, shekara ukun nan ta tafi a banza.

Nata wasan na kaza ne. Uwar kaza ce 'ya'yanta bakwai suka watse a lungunan unguwa, ga hadari ya haɗo, dole ta tattaro su kafin ruwa ya sauko. Ita ta zana kowane lungu, da igiyoyin shanya, da keken mai sayar da bakso, romon dunƙulen nama, da kyanwar da ke laɓe a kan katanga. Ita ta rubuta umarnin da ke sa kazar ta yi tsalle, ta buɗe fuka-fuki. Idan ta zauna gaban kwamfutar makaranta tana gyara yadda ɗan tsako ke tuntuɓe, takan manta da yunwa. A gida ba su da kwamfuta. Ɗakin kwamfutar makaranta a buɗe yake har ƙarfe biyar ga masu jarrabawa, amma Wibi ya kafa dokar ƙarfe biyu ta yi mata a gida.

Ranar Talata malamarsu, Bu Retno, tana zagayawa tebur-tebur tana gwada wasannin. Mace ce mai tsanani, gilashinta a saman hanci. Ta buga na wani yaro ta ajiye.

"Ina maɓallin dakatarwa? Na faɗa tun aji ɗaya, duk wasan da ba shi da wurin tsayawa ba zan karɓa ba. Mai bugawa mutum ne. Zai ji ƙishirwa, uwarsa za ta kira shi. Koma ka sa."

Da ta iso teburin Kinasih ta tarar da ita ta ƙura wa hannunta ido. Babban yatsan dama ya lanƙwashe a kan alƙalamin zane ya ƙi miƙewa. Sai da ta sa ɗayan hannun ta ja shi, ya yi ƙas, zafi ya harba har gwiwar hannu.

"Tun yaushe yake yi miki haka?"

"Ba komai, Bu. Kwanciya na yi a kansa."

"Matakinki na uku har yanzu babu ƙarshe. Me ya sa ba kya tsayawa da yamma kamar sauran?"

Kinasih ta sunkuyar da kai. Bu Retno ta dube ta ta saman gilashi, ta wuce.

Da safiyar Asabar Kinasih ta ɗauki kofin shayin mahaifinta za ta kai masa, kofin ya suɓuce ya tarwatse a ƙasa. Ba ta ma ji lokacin da yatsun suka sake shi ba. Ta tsaya tana kallon shayin yana malala, hawaye ya zubo mata.

"Ibu, hannuna. Wallahi ciwo yake yi. Ko maɓallin riga ba na iya sa wa."

Bu Sulastri ta taɓa wuyan hannun ta ce, "Sanyi ne ya shige ki, Nduk, 'yata. Fankar nan ce. Zo nan." Ta ɗauko tsohon kwabo da man zafi, ta kankare mata dantse da bayan wuya har jajayen layuka suka fito. "Kin gani? Dubi yadda ya yi ja. Sanyin ne ke fita."

"Ibu, ki yi wa Bapak magana. Mako biyar kawai, in gama jarrabawa."

Uwar ta waiga ƙofa ta rage murya. "Ki yi haƙuri. Kin san halinsa. Ni me zan ce? Shinkafar da kike ci daga ina take fitowa?"

Ashe Pak Darmaji na jin su daga baranda, inda yake ba tsuntsunsa na keji abinci. Ya shigo yana gyara zanensa, ba faɗa, ba ɗaga murya. Shi ba ya faɗa, abin da ya sa maƙwabta ke ce masa mutumin kirki ke nan.

"Nduk, ni fa ban gane ba. Ba ke kika nace sai makarantar wasa ba? Na ce ki karanta ɗinki, kika yi kuka, na bar ki. To ga wasa a makaranta, ga wasa a gida, har ana biya. Wace yarinya ce ta samu wannan gatan?"

"Pak, ba ɗaya ba ne. A makaranta ƙera wasa muke yi, ba bugawa ba."

"Wasa dai wasa ne. 'Yar maƙwabcinmu Pak Tarno tana masana'antar taba, tsaye take yini tana naɗi. Ke kuwa a zaune, a inuwa, ga fanka. Ni da na yi shekara ashirin ina murza sitiyari, ban taɓa cewa yatsa na ciwo ba." Ya yi 'yar dariya. "Yatsa! Ikon Allah."

Wibi ya leƙo daga falo. "An gama wa'azin? Mutumin Jakarta yana son taurari goma sha biyar kafin Litinin."

Ta je ta zauna. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta san yadda aka ƙera tarkon. A aji biyu aka koya musu: yadda ake ba mai wasa 'yar nasara don ya dawo, yadda ake ƙwace masa tauraro don ya ji haushi ya sake shiga. Kuma wannan wasan ba shi da maɓallin dakatarwa. Mutum tara ne a wasu garuruwa ke bugawa tare da ita, in ta ajiye waya ko na minti ɗaya a hukunta mai sunan, shi kuma ya kira Wibi ya zazzage shi. Fitsari ma sai ta riƙe har a tashi wasa.

Saura mako uku, hannun hagu ya bi sahun na dama. Bu Retno ta same ta a ɗakin kwamfuta tana tura linzamin kwamfuta da gefen tafin hannu kamar mai share tebur. Wannan karon ba ta tambaya ba. Ta ce, "Tashi," ta ɗora ta a bayan babur ɗinta sai asibitin unguwa. A can, a kan bencin jira, Kinasih ta fashe da kuka ta faɗi komai.

Likitan ya sa ta dunƙule babban yatsa a cikin tafin hannu ta karkata wuyan hannun ƙasa. Ihun da ta yi sai da na waje suka leƙo.

"Jijiyoyin sun kumbura, hannu biyun. Awa nawa kike yi a waya?"

"Takwas. Ranar hutu sha biyu."

Likitan ya ajiye biro ya dube ta. Ya ɗaure mata manyan yatsun da wani ɗauri mai tauri kamar safar hannu, ya rubuta takarda: hutu na mako shida, babu waya ko kaɗan. Ya ce in aka ci gaba, ƙarshenta sai an yi aiki, kuma ko an yi ba lalle hannun ya koma daidai ba.

Bu Retno da kanta ta kai takardar gidan. Kai, ka ga tarba! Aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka kawo shayi mai zaƙi da soyayyar ayaba, wayoyin nan uku suka ɓace daga kan tebur kamar ba a taɓa yinsu ba. Pak Darmaji ya karɓi takardar da hannu biyu, ya karanta yana gyaɗa kai, yana kiranta Bu Guru, wato malama.

"Gaskiya ne, Bu Guru. Gaskiya ne. Yaran zamani ne, ba sa rabuwa da waya. Kullum sai na ce mata ta huta."

"Pak, ta gaya mini aikin da take yi. Yarinyar nan ta fi kowa a ajina. In ta samu takardarta, akwai kamfanonin da za su ɗauke ta a Bandung ko a nan Malang. Mako uku nake roƙo."

"Haba, Bu Guru, har sai kin roƙa? 'Yata ce fa. Ɗan taimako ne take yi wa yayanta, shi ma an daina daga yau. Ci ayaba mana."

Ya raka ta har bakin lungu yana rusunawa. Ƙarar babur ɗinta ba ta gama ɓacewa ba ya dawo, fuskar nan a murtuke. Ya tsaya a kan Kinasih.

"Kin kai sirrin gidanmu makaranta. Kin sa mace ta zo har falona tana koya mini riƙon 'ya." Har yanzu muryarsa a ƙasa take. "Likitocin nan ba su san komai ba sai ɗauri. Gobe za mu je wurin Mbah Kasan."

Wibi ya fito da wayoyin daga ƙarƙashin katifa. "Cire abin nan, ba ya barin yatsa ya taɓa gilashi. In za ki makaranta kya mayar."

Haka aka yi. Da safe ta ɗaura ta tafi makaranta, da rana ta kwance ta ajiye a kan talabijin.

Mbah Kasan tsohon mai tausa ne, duk wanda ya yi targaɗe a unguwar wurinsa ake kai shi. Ya shafa man kwakwa, ya lalubi wurin da ya kumbura, ya ce jijiya ce ta hau kan 'yar'uwarta. Ya danna da ƙarfinsa, ya ja yatsan har ya yi ƙara. Kinasih ta ciji gefen mayafinta, gumi ya jiƙa mata baya. Pak Darmaji na gefe yana cewa, "Yauwa, Mbah, a nan ne. Daure, Nduk, zafin ne maganin." Washegari wuyan hannun ya yi suntum, ya yi zafi rau kamar an ɗora shi a kan murhu.

Sai ga wata masifar. Masu wasan suka sanar da ranar rufe kakar wasa, ranar da ake tsayar da taurarin kowa a ba shi lambar girma, kuma ta faɗo daidai da ranar jarrabawar Kinasih. Duk wani malalacin da bai kai matakin da yake so ba ya rugo wurin Wibi. Wayoyi suka zama biyar. Wibi sai washe baki yake yi, ya sayo sabuwar fanka.

Hannu ya fara cin amanarta. Ta kai sara, yatsa ya makara. Aka ci ta sau uku a jere da sunan wani ɗan kasuwa, mutumin ya kira, Wibi ya sa wayar a amsa-kuwwa don ta ji zagin da kunnenta.

"Da gangan kike yi!" Wibi ya daka mata tsawa. "Kina so ki ɓata mini suna!"

"Mas, dubi hannun! Dube shi mana!"

"Na gani. Sha maganin ciwon kai guda biyu, yana kashe zafi."

Saura kwana huɗu ta sami mahaifinta a baranda da hantsi, yana fesa wa tsuntsunsa ruwa. Ta durƙusa a gabansa a kan gwiwoyinta, kamar yadda ake yi ranar Idi in za a nemi gafara, ta ɗora goshinta a kan gwiwarsa.

"Pak, don girman Allah. Kwana uku. Ban taɓa roƙonka komai ba. In na faɗi jarrabawar nan ba ni da komai a duniya. Kwana uku kawai hannun ya sauka."

Ya shafa kanta a hankali. Har ga Allah ta ɗauka ya ji tausayinta.

"Nduk, mun riga mun karɓi aikin mutane. So kike a ce gidan Darmaji ba su da alkawari? Makon nan ne kaɗai. Ranar jarrabawar na yafe miki safiya gaba ɗaya, ki je ki yi abinki. Amma ki dawo da wuri, ƙarfe huɗu ake rufewa."

Ta ɗago ta dubi mahaifiyarta da ke tsaye a ƙofar kicin. Bu Sulastri ta juya ta koma ciki, aka ji ta tana kwankwatsa tukwane.

Ranar jarrabawa uwar ce ta sa mata maɓallan riga, ita ta ɗaura mata mayafi. Ba su haɗa ido ba. Kinasih ta bar ɗaurin likita a jaka, don kada baƙon ya ce ta zo neman tausayi, ta ja hannun rigar ya rufe kumburin.

Ita ce ta shida. Baƙon kamfanin, Pak Handoyo, mutum ne mai furfura a gefen kai, yana zaune kusa da Bu Retno da takarda a gabansa. Aka haɗa waya da babban allo. Uwar kaza ta bayyana a bakin lungu, hadari na taruwa a sama, 'yan aji suka yi dariyar yadda take karkata kai.

"Bismillah, nuna mana," in ji Pak Handoyo.

Matakin farko wasan yara ne. Kwata ɗaya ce za a tsallake, a ɗauki ɗan tsako na farko. Kinasih ta tura kazar, ta danna tsalle. Yatsan bai sauka ba. Kaza ta faɗa kwata. Ta sake, ta sake faɗawa. A karo na uku yatsan ya ƙage a kan gilashi, kaza ta yi ta gudu ta doki katanga tana ta karkarwa a wurin. Yarinyar da ta hau da baƙi ɗari zuwa ƙololuwar wasan da ƙasa gaba ɗaya ke bugawa, yau ta kasa tsallake kwatar da ta zana da hannunta.

Pak Handoyo ya ajiye biro. "Yarinya, ki gaya mini gaskiya. Ke kika yi wasan nan, ko yi miki aka yi? Ban taɓa ganin wanda ya ƙera wasa ya kasa matakin farko ba."

Maganar ta fi tausar Mbah Kasan zafi. Kinasih ta ajiye wayar, ta sa haƙori ta ja hannun rigarta sama, ta miƙa masa hannuwan biyu. Bu Retno ta kau da kai ta cire gilashinta.

Mutumin ya daɗe yana kallon hannuwan. Sannan ya ɗauki wayar ya buga da kansa. Ya tsallake kwatar, ya kauce wa kyanwa, ya yi dariya da ɗan tsako ya yi tuntuɓe. Ya yi mata tambayoyi, ta amsa duka ba gargada: yadda ta auna nisan tsalle, dalilin da ya sa hadarin ke ƙara duhu maimakon ta sa agogo.

"Naki ne," ya ce. "Na yarda, kuma ki yafe mini. Amma saura aikin awa ɗaya, wannan ba ni da ikon ɗage shi. Ki ƙara babur da zai riƙa ratsa lungun, kazar ta kauce masa."

A kanta ta gama aikin kafin ya rufe baki. Layi ashirin ne na umarni da ɗan zane, a da minti goma sha biyar ya ishe ta. Ta zauna gaban kwamfuta. Linzamin ya ƙi riƙuwa. Ta riƙa danna haruffa ɗaya-ɗaya da ƙaramin yatsa, kowace dannawa sai zafi ya tsarga mata har kafaɗa. Hawaye na ɗiga a kan madannan, ba ta da hannun sharewa. Da aka ce lokaci ya cika, babur ɗin yana nan tsaye a bakin lungu, taya ɗaya, bai motsa ba.

Bu Retno da Pak Handoyo suka yi magana ƙasa-ƙasa, suka je ofis suka dawo. Kinasih ba ta ci ba. Amma saboda takardar likita, an ba ta dama ɗaya ta ƙarshe bayan wata guda. Bu Retno ta rubuta wa mahaifin yarinyar wasiƙa, ta sa mata a aljihun riga da kanta.

"Wata ɗaya, Kinasih. In hannun ya huta za ki ci, na rantse. In bai huta ba, babu ta uku."

Ƙarfe huɗu ta wuce kafin ta isa gida, don a ƙafa ta taho, tana tafe tana tsayawa. Ta yi zaton za ta tarar da tashin hankali. Sai ta sami Wibi yana ta rubuce-rubuce a waya cikin fara'a, mahaifinta na shan shayi.

"Kin jawo mana asarar mutum biyu," in ji Wibi, "amma ba komai. Sabuwar kaka ta buɗe, an zaftare wa kowa taurari, kowa so yake ya koma inda yake. Aiki sai mun ture."

Ta miƙa wa mahaifinta wasiƙar. Ya karanta, ya ninke, ya sa a ƙarƙashin kofin shayi.

"To, ai kin gani. Makarantar ma ba ta da tabbas. Da mun dogara da ita fa?"

"Pak, manyan yatsuna sun mutu. Ko cokali ba na iya riƙewa."

"Mun yi wannan tunanin," in ji Wibi. Ya juyo mata da wayarsa. Wani yaro ne a bidiyo, ya kwantar da waya a kan tebur yana bugawa da manuniya biyu. "Kin gani? Ba sai da babban yatsa ba. Kwana biyu kin saba. Kuma kina iya barin ɗaurin likitan a hannu, kowa ya huta."

"Yauwa," in ji Pak Darmaji. "Likita manyan yatsu ya hana. Mu ba ma saɓa wa likita."

Kinasih ba ta yi kuka ba, kukan ya ƙare a makaranta. Ta zaro tata tsohuwar wayar daga jaka da tafukan hannu biyu, ta buɗe wasan kazar da ƙaramin yatsa, ta tura gaban mahaifinta.

"Pak, shekara uku ban taɓa nuna maka abin da nake yi ba. Buga ka gani."

Ya yi dariya ya ɗauka, shi da bai taɓa buga wasan waya ba a rayuwarsa. Ya faɗa kwata sau biyu, a na uku ya tsallake. "Kai! Wannan ai lungunmu ne! Ga keken Cak Mul mai bakso!" Ya kira matarsa ta zo ta gani. Ya tattara tsaki uku, yana ta ƙyalƙyata dariya, yana zagin kyanwar. Minti goma bai cika ba ya yamutsa fuska.

"Wash, yatsana ya ƙage. Ina ake tsayar da abin nan?"

"Ga shi can a sama, Pak. Layi biyun nan."

Ya danna. Kaza ta tsaya cak da ƙafa ɗaya a sama, hadari ya tsaya, komai ya jira shi. Ya ajiye wayar, ya yarfa hannu, ya ce wa matarsa ta miƙo masa man zafi. Bu Sulastri ta tsaya da kwalbar man a hannu, tana kallon yatsan mijinta, tana kallon hannuwan 'yarta. Sai ta durƙusa ta shafa wa mijin.

Babu wanda ya taɓa dukan Kinasih a gidan nan. Ba a hana ta abinci ba, ba a kulle ta a ɗaki ba, maƙwabta ba su taɓa jin ihu ba. In ka tambayi mutanen lungun za su ce maka yarinyar 'yar gata ce, kullum tana zaune a inuwa tana wasa, uban kuma ko ƙuda ba ya iya kashewa. Shi ya sa babu wanda zai zo. Lafiyayyun maza biyu, hannuwa huɗu garau, sun zauna sun cinye yatsu biyu na yarinya 'yar shekara goma sha takwas, kuma ko kunya ba su ji ba da suka ƙirga suka ga saura takwas.

Pak Darmaji ya gama murza yatsansa, ya ce alhamdu lillahi ya saki. Wibi ya kwantar da wayar mutumin Surabaya a kan tebur a gaban ƙanwarsa, ya juyo da fankar ta fuskanci wayar.

"Sa manuniya," ya ce. "An fara."